Abin da Furotin na Jini Ke Nunawa Idan Korona Ta Yi Tsanani

Jinin babban mutum ya kai kimanin lita biyar, kuma fiye da rabinsa ruwa ne mai launin ɗorawa wanda jajaye da fararen ƙwayoyin jini ke yawo a ciki. Idan aka ɗebi jini a kwalbar gwaji aka juya shi a na'ura, ƙwayoyin su kan kwanta a ƙasa, ruwan ya taso sama. A kowace lita ta wannan ruwa akwai giram 60 zuwa 80 na furotin, nau'i-nau'i har dubbai, kuma hanta ce ke ƙera mafi yawansu. Wasu suna ɗaukar ƙarfe, mai ko magani daga wannan sashe na jiki zuwa wancan. Wasu suna tsayar da jini idan an ji rauni, wasu kuma na garkuwar jiki ne. A jikin mai lafiya adadin kowannensu ba ya kaucewa iyakarsa sosai. Korona mai tsanani tana rikita wannan tsari baki ɗaya, kuma yadda take rikita shi ne ya fahimtar da likitoci dalilin da ya sa cutar da aka ɗauka ta huhu ce kawai take kama ƙoda, zuciya da ƙwaƙwalwa.

Cutar ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a watan Disamba na 2019. A watan Fabrairu na 2020 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da bayani kan mutum 44,672 da gwaji ya tabbatar sun kamu. Kashi 81 cikin ɗari sun yi ta sama-sama, kashi 14 ta yi musu tsanani, kashi 5 kuma sun kai gargara. Abin da ya ba likitoci mamaki shi ne lokacin da jikin yake rikicewa. Ba a kwanakin farko ba ne, lokacin da ƙwayar cutar ta fi yawa a hanci da maƙogwaro. Yawanci sai an shiga mako na biyu, ƙwayar ta fara ja da baya, sannan numfashi yake sarƙewa. Wato babban ɓangare na ɓarnar daga martanin jikin kansa yake fitowa, kuma a cikin jini ake ganin sawun wannan martani.

Cutar ba ta tsaya a Sin ba. A Jamhuriyar Benin, ranar 16 ga Maris 2020 ministan lafiya Benjamin Hounkpatin ya sanar da mutum na farko da ya kamu. Gwamnatin Patrice Talon ba ta kulle mutane a gida ba. Daga ranar 30 ga Maris ta killace Kwatano, Porto-Novo, Abomey-Calavi da wasu garuruwan kudu, ta hana shiga da fita, sai a watan Mayu aka ɗage. Parakou da Djougou da ke arewacin ƙasar suna wajen wannan shinge, amma garuruwa ne na hanya. A Parakou layin dogo daga Kwatano ya ƙare, kuma ta nan manyan motoci suke bi a lokacin zuwa Malanville, su tsallaka zuwa Gaya a Nijar. Djougou kuwa, mai nisan kilomita kusan 135 daga can, tsohon zangon fatake ne a hanyar goro zuwa Gwanja, kuma har yau mahaɗa ce ta hanyoyin Togo da Burkina Faso. Alƙaluman da Benin ta bayar a hukumance sun tsaya kan kimanin mutum 28,000 da suka kamu da 163 da suka rasu. Adadi ne kaɗan, kuma ƙuruciyar al'umma na cikin dalilai, domin kusan rabin mutanen ƙasar ba su kai shekara 18 ba. Sai dai alƙaluman hukuma waɗanda aka yi wa gwaji kaɗai suke ƙirgawa. Mutanen Kano ba su manta da watan Afrilu na 2020 ba, lokacin da maƙabartu suka cika da dattawa, daga baya ministan lafiya na Nijeriya a lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kashi 50 zuwa 60 na mace-mace 979 da aka bincika suna da alaƙa da korona.

Hanta ta sauya aiki

Ƙwayar korona tana shiga jiki ta hanyar liƙewa a wani furotin mai suna ACE2 da ke fuskar ƙwayoyin halittar hanci, maƙogwaro da huhu. Da zarar ta shiga ta fara hayayyafa, fararen ƙwayoyin jini sai su saki wasu ƙananan furotin masu kai saƙo tsakanin sassan garkuwar jiki. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne intalukin-6. Idan ya isa hanta, sai ta rage ƙera furotin na yau da kullum, ta juya ga ƙera na yaƙi da cuta. Shi ya sa a takardar gwajin mai korona mai tsanani ake ganin wasu lambobi sun yi sama ƙwarai, wasu sun faɗo, duk a lokaci guda.

Na farko a cikin masu hawa shi ne CRP, wanda William Tillett da Thomas Francis suka gano a 1930 a jinin masu ciwon huhu a birnin New York. Aikinsa liƙewa a jikin ƙwayoyin cuta da matattun ƙwayoyin halitta domin garkuwar jiki ta gane su ta kwashe. A jikin mai lafiya bai cika wuce miligiram 5 a lita ba. Yana fara tashi cikin sa'a shida zuwa takwas da soma kumburi, ya kai ƙololuwa cikin kwana biyu, kuma yana iya ninkawa sau ɗaruruwa. Idan kumburin ya lafa, rabinsa yana ɓacewa cikin kimanin sa'a 19. Wannan saurin hawa da sauka shi ya ba shi daraja a gadon asibiti, domin gwajin yau da na jibi sun isa su nuna inda mara lafiya ya dosa. Mai korona sama-sama CRP ɗinsa ba ya yin nisa. Wanda huhunsa ya kamu sosai sau da yawa ya kan haura 100, wani ma 200.

Na biyu shi ne feritin, furotin da jiki ke adana ƙarfe a cikinsa. A lokacin cuta jiki yana ɓoye ƙarfensa da gangan, saboda ƙwayoyin cuta da yawa suna buƙatarsa don su yaɗu. Hanta tana sakin wani ɗan furotin mai suna hefsidin wanda ke hana ƙarfe fitowa daga hanji da ma'ajiyarsa zuwa cikin jini. Sai a ga feritin ya yi sama, ƙarfen da ke yawo a jini kuma ya yi ƙasa, tiransferin mai dakonsa shi ma ya ragu. Nan akwai kuskuren da ya kamata a kauce masa. Mara lafiya na iya nuna ƙarancin jini alhali ƙarfe bai ƙare masa ba, an dai kulle shi ne, kuma ba shi ƙwayar ƙarin jini a wannan hali ba ta magance komai. A binciken da mujallar Lancet ta buga a watan Maris na 2020 kan majinyata 191 a asibitoci biyu na Wuhan, waɗanda 54 daga cikinsu suka rasu, matsakaicin feritin na mamatan ya haura 1,400, na waɗanda suka rayu kuwa kimanin 500.

A cikin masu sauka, albumin ne babba. Shi kaɗai ya fi rabin dukkan furotin na ruwan jini, giram 35 zuwa 50 a lita, kuma shi ke riƙe ruwa a cikin jijiyoyi kada ya tsiyaye zuwa cikin nama. Albumin ya kan yi kusan mako uku kafin rabinsa ya ƙare, don haka raguwar ƙera shi ba za ta isa ta bayyana faɗuwar da yake yi cikin 'yan kwanaki ba. Babban dalili shi ne bangon ƙananan jijiyoyi yana yin sako-sako saboda kumburi, albumin ya fita, ruwa ya bi shi. Idan a ƙafa ne sai kumburi. Idan a huhu ne, ruwan yana cika 'yan jakunkunan da iska ke shiga, oksijin ya kasa ratsawa zuwa jini. A wancan binciken na Wuhan albumin na mamatan ya tsaya kan kimanin giram 29, na waɗanda suka rayu kimanin 34. Bambancin bai da girma a ido, amma ya yi ta maimaituwa a asibitocin ƙasashe daban-daban.

An yi ta kiran wannan yanayi guguwar garkuwar jiki, kuma sunan ya shiga bakin 'yan jarida. Akwai gaskiya a ciki, amma an ɗan wuce gona da iri. Da aka kwatanta, an ga intalukin-6 na masu korona mai tsanani bai kai na masu gubar jini ta bakteriya ba, nesa ba kusa ba. Abin da ya bambanta korona shi ne kumburin yana daɗewa, yana taruwa a huhu, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da daskarewar jini.

Jini mai saurin daskarewa

Wannan ne ɓangaren da ya fi ba likitoci tsoro a shekarar farko, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A cikin jinin kowa akwai fibirinojin, giram 2 zuwa 4 a lita, a narke. Idan jijiya ta yanke, sai ya rikiɗe ya zama zare-zare masu sarƙewa, ƙwayoyin jini su maƙale a ciki, gudan jini ya samu, zubar ta tsaya. Bayan rauni ya warke jiki yana narkar da gudan, kuma gutsattsarin da ke saura su ne ake kira Di-daima. Kamar ɓaraguzan katanga suke a bakin hanya, wanda ya gan su ya san an yi gini an kuma rushe. Yawan Di-daima a jini shaida ce cewa ana ta yin gudaji a wani wuri a cikin jiki ana narkar da su.

Korona mai tsanani tana tura jini zuwa daskarewa ta fuskoki da dama a lokaci guda. Fibirinojin yana cikin furotin da hanta ke ƙarawa lokacin kumburi, har ya ninka biyu ko fiye. Shimfiɗar da ke lulluɓe cikin jijiyoyi, wadda a lafiyayyen jiki santsi gare ta kuma tana hana jini kamawa, tana yin rauni ta saki wani furotin mai danƙo da ake kira da sunan likitan Finland da ya gano cutar rashinsa, Erik von Willebrand. Wani rukunin fararen ƙwayoyin jini kuma yana fashewa ya zubar da abin da ke cikinsa a matsayin tarko ga ƙwayar cuta, tarkon ya zama wurin da gudan jini ke somawa. A ƙara da cewa mara lafiya yana kwance kwana da kwanaki ba motsi, ga zazzaɓi, ga ƙarancin ruwa a jiki.

Sakamakon ya bayyana a alƙaluma. A mai lafiya Di-daima bai kai rabin maikurogiram a mililita ba. Binciken majinyata 191 ya nuna wanda ya zo asibiti da Di-daima sama da maikurogiram 1 haɗarin mutuwarsa ya ninka na sauran sau da yawa, kuma matsakaicin na mamatan ya kai 5.2, na masu rai 0.6. A watan Mayu na 2020 Maximilian Ackermann da abokan aikinsa suka duba huhun mutum bakwai da korona ta kashe, suka kwatanta da na waɗanda mura mai tsanani ta kashe. Ƙananan gudaji a jijiyoyin huhun masu korona sun ninka na masu murar sau tara. Wannan ya bayyana wani abu da aka yi ta gani a asibiti: mara lafiya yana shaƙar iska, iskar tana shiga huhu, amma jinin da zai ɗauke ta ba ya isowa wurin. Idan babban guda ya taso daga jijiyar ƙafa ya toshe ta huhu, mutum na iya faɗuwa farat ɗaya. Idan a ƙwaƙwalwa ne, shanyewar ɓarin jiki ke biyo baya.

Akwai kuma furotin da bai kamata a same su da yawa a jini ba, sai ƙwayoyin halitta sun fashe sun zubo su. LDH yana nuna lalacewar nama a huhu da sauran wurare, tiroponin kuma na tsokar zuciya ne. Hawansu yana nufin cutar ta wuce kumburi ta fara cin gaɓoɓi.

Auna ɗaruruwa a ɗigo guda

Duk waɗannan gwaje-gwaje ɗaya bayan ɗaya ake yin su. Akwai kuwa na'urar da ke daddatsa furotin ta auna nauyin gutsattsarinsu, ta haka ta gane ɗaruruwa daga ɗan jinin da bai cika ɗigo ba. Masana a jami'ar Westlake ta birnin Hangzhou, ƙarƙashin Tiannan Guo, sun yi amfani da ita kan jinin masu korona 46 da wasu mutum 53 don kwatance. Sun auna furotin 894, suka sami 93 da suka sauya a jinin waɗanda cutar ta yi wa tsanani. A lokaci guda ayarin Markus Ralser a asibitin Charité na Balin da cibiyar Francis Crick ta Landan suka ware furotin 27 da ke hawa ko sauka gwargwadon tsananin cutar. An buga ayyukan biyu a tsakiyar 2020.

Abin lura shi ne masanan biyu, ɗaya a Sin ɗaya a Jamus, kusan hoto guda suka gani. Furotin na kumburi, na daskarewar jini, da wani jerin furotin na garkuwa da ke huda jikin ƙwayoyin cuta duk sun tashi. Masu dakon mai a jini sun faɗi. Jelsolin, wanda ke share tarkacen matattun ƙwayoyin halitta, shi ma ya faɗi, alamar an cinye shi a bakin aiki. Irin wannan na'ura ta manyan cibiyoyin bincike ce, ba ta asibitin gari ba, ko a Turai. Amfaninta ga mara lafiya a Parakou ko Djougou shi ne ta tabbatar da cewa gwaje-gwaje masu sauƙi kamar CRP da albumin suna nuna ainihin abin da ke gudana.

Wani bincike ya taɓa tambayar da kowa ke yi: me ya sa cutar take kayar da wani ta bar maƙwabcinsa? Kariyar farko da jiki ke yi wa bairos ita ce wani furotin mai suna intaferon. A 2020 Paul Bastard da Jean-Laurent Casanova, masu aiki a Faris da New York, suka duba jinin mutum 987 da korona ta kai gargara, suka sami 101 da garkuwar jikinsu ke kai wa intaferon ɗinsu hari. Casa'in da biyar daga cikinsu maza ne. A jikin irin waɗannan mutane ƙwayar cutar tana samun kwanaki tana yaɗuwa ba mai tare ta, sannan martanin ya zo a makare kuma da ƙarfin da ya wuce kima.

Daga takardar gwaji zuwa magani

Fahimtar cewa martanin jiki ne ke kisa a mako na biyu ita ta kai ga maganin farko da aka tabbatar yana ceton rai. Ranar 16 ga Yuni 2020 gwajin RECOVERY na jami'ar Oxford ya sanar da cewa deksametason, miligiram 6 a rana har kwana goma, ya rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku ga waɗanda ke kan na'urar numfashi, da kashi ɗaya cikin biyar ga waɗanda ke kan oksijin. Ga wanda bai buƙaci oksijin ba kuwa bai amfana komai ba, har akwai alamar cutarwa. Wannan gaɓa tana da muhimmanci a yankin da ake sayen deksametason ba takardar likita, wasu ma suna shan sa don ƙiba. Shan sa a kwanakin farko danne garkuwar jiki ne a daidai lokacin da ake buƙatarta. Yana kuma tayar da suga, ya ba wata tsutsar hanji da ke kwance damar bazuwa cikin jiki.

A farkon 2021 wannan gwaji ya fitar da sakamakon gwada tosilizumab, allurar da ke toshe saƙon intalukin-6, kan majinyata 4,116. An zaɓe su ne da sharaɗi biyu: ƙarancin oksijin, da CRP da ya kai 75 ko fiye. Mutuwa ta sauka daga kashi 35 zuwa 31 cikin ɗari. Nan ne lambar furotin ta zama ma'aunin wanda za a ba magani, kodayake tsadar allurar ta sa mafi yawan asibitocin Afirka ba su gan ta ba. Hefarin mai hana daskarewar jini ya zama abin da ake yi wa kusan duk wanda aka kwantar, sai dai bincike ya nuna babban awo ya fi amfanar masu matsakaicin hali, bai ƙara wa waɗanda suka riga suka kai gargara komai ba sai haɗarin zubar jini. Ruwan jinin waɗanda suka warke, da aka sa wa rai sosai, bai rage mutuwa ba. Haka kulorokwin, wanda Benin da maƙwabtanta da dama suka sa a tsarin jinyarsu da farko.

Karanta lambobin a arewacin Benin

Babban asibitin yankin shi ne asibitin koyarwa na jihohin Borgou da Alibori da ke Parakou, wanda ke aiki tare da sashen likitanci na jami'ar Parakou da aka kafa a 2001. A Djougou akwai asibitin jihar Donga da kuma asibitin ƙungiyar Ordre de Malte, wanda ke aiki tun 1974. Takardar sakamako da Faransanci take fitowa, don haka mai jinya zai ga CRP, NFS na ƙirgen ƙwayoyin jini, albuminémie, ferritinémie da D-dimères. Biyun farko su ne aka fi samu. Feritin da Di-daima sun fi tsada, kuma iyali ne ke biya daga aljihu.

Iyakokin da aka sa wa waɗannan lambobi daga majinyatan Wuhan, Milan da Landan aka ciro su, mutanen da mafi yawansu ba su taɓa yin zazzaɓin cizon sauro ba. A Borgou da Donga maleriya ce cutar yau da kullum, musamman da damina daga Mayu zuwa Oktoba, kuma ita kanta tana ɗaga CRP, feritin, LDH da Di-daima. Nau'in Delta na korona ya fi yin ƙarfi a Benin a watannin Agusta da Satumba na 2021, daidai lokacin da sauro ya fi yawa. Mutum na iya ɗauke da cututtukan biyu tare, kuma samun ƙwayar maleriya a jini bai wanke shi daga korona ba. Akwai ɗan abin da ke taimakawa wajen rarrabewa: maleriya tana kayar da ƙwayoyin da ke tsayar da jini ƙasa sosai, korona kuwa ta fi kayar da wani rukunin fararen ƙwayoyi. Amma tabbaci sai da gwajin kowace cuta da kanta.

Mai sikila ko yana cikin lafiyarsa Di-daima da LDH ɗinsa a sama suke, feritin kuma ya kan taru idan an sha yi masa ƙarin jini. Mace mai ciki fibirinojin da Di-daima ɗinta suna hawa da kansu yayin da haihuwa ke matsowa. Ciwon hanta nau'in B, wanda ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana iya saukar da albumin tun kafin korona ta zo, kuma hantar da ta lalace ba ta iya ɗaga CRP yadda ya kamata, sai lambar ta fito ƙasa alhali cutar ta yi nisa. Tarin fuka, ciwon ƙoda da rashin abinci mai gina jiki duk suna taɓa waɗannan lambobi. Saboda haka lamba guda ta rana guda ba ta isa hukunci ba a nan. Abin da ya fi amfani shi ne a san yadda mutumin yake a da, a sake gwajin bayan kwana biyu, a ga ko hawa yake ko sauka, sannan a haɗa da abin da ido ke gani: saurin numfashi, ruɗewa, da awon oksijin.

Ita ma 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa don awon oksijin tana da rauni a kan baƙar fata. Binciken jami'ar Michigan a watan Disamba na 2020 ya nuna a kusan kashi 12 cikin ɗari na awon baƙaƙen fata ta nuna lamba mai kyau alhali oksijin ya yi ƙasa, a fararen fata kuwa ƙasa da kashi 4. Wannan ƙarin dalili ne na kada a dogara da ma'auni ɗaya.

Sanin wanda ke cikin haɗari yana da amfani ne idan akwai abin da za a yi masa. Binciken da Bruce Biccard na jami'ar Cape Town ya jagoranta, wanda aka buga a Mayu 2021, ya bi majinyata 3,140 da suka kai gargara a asibitoci 64 na ƙasashen Afirka goma, ciki har da Nijeriya, Nijar da Ghana. Kashi 48 cikin ɗari sun rasu cikin kwana 30, alhali matsakaicin duniya kimanin kashi 31 ne. Ƙarancin gadaje, kayan aiki da jinkirin kwantarwa suna cikin dalilai. A irin wannan hali gwajin CRP mai araha yana taimaka wa likitan ƙaramin asibiti ya yanke shawarar wanda za a tura Parakou tun da sauran ƙarfi, maimakon a jira sai numfashi ya sarƙe a kama hanya cikin dare.

Bayan sallama daga asibiti lambobin ba sa komawa daidai tare. CRP yana sauka cikin kwanaki, albumin sai makonni, Di-daima kuwa a wasu ya kan yi watanni a sama. A 2023 masana a Oxford, Maxime Taquet da Paul Harrison, suka bi mutum 1,837 da aka kwantar a Birtaniya, suka ga waɗanda fibirinojin ko Di-daima ɗinsu ya yi yawa lokacin jinya sun fi fama da mantuwa da nauyin tunani bayan wata shida da wata goma sha biyu, masu yawan Di-daima kuma da kasala da haki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan korona ranar 5 ga Mayu 2023, amma ƙwayar tana nan tana yawo. Rigakafi da kamuwar baya sun rage yawan masu tsanani ƙwarai, kuma waɗanda har yanzu aka fi ganin waɗannan sauye-sauye a jininsu su ne tsofaffi, masu ciwon suga, hawan jini, ciwon ƙoda, sikila, da waɗanda garkuwar jikinsu ta raunana.